Malamai Biyu a Aji Ɗaya: Nazarin Shirin I-BEST na Jihar Washington

Jihar Washington, wadda take kusurwar arewa maso yammacin Amurka, tana da kwalejojin gwamnati 34 masu karatun shekara biyu, waɗanda suke koyar da sana'o'i da darussan share fagen shiga jami'a. Hukuma ɗaya ce take kula da su baki ɗaya, kuma ita ce aka ɗora wa nauyin ilimin manya a jihar, har da azuzuwan Turanci na baƙin da suka yi ƙaura zuwa can. A jihohi da dama wannan aiki yana hannun ma'aikatar da ke kula da firamare da sakandare, don haka ajin Turanci yana wani gari, wurin koyon walda ko aikin jinya yana wani. A Washington kuwa a harabar makaranta ɗaya ake yinsu, wani lokacin ma a gini ɗaya, amma duk da haka shekara da shekaru ɗaliban sashen Turanci ba su cika tsallakawa zuwa sashen sana'a ba. Ƙoƙarin gyara wannan ne ya haifar da shirin da ake kira I-BEST, wanda yake haɗa koyon harshe da koyon sana'a a lokaci guda.

Jihar ta daɗe da karɓar baƙi. A 1975, bayan faɗuwar birnin Saigon a ƙarshen yaƙin Biyetnam, gwamnanta na lokacin, Dan Evans, ya buɗe ƙofa ga 'yan gudun hijirar Biyetnam a daidai lokacin da wasu wurare suke ja da baya. Bayansu mutane suka zo daga tsohuwar Tarayyar Sobiyet, daga Somaliya da Habasha da Iritiriya, daga Iraki, sannan a 'yan shekarun nan daga Afganistan da Yukiren. Da yawansu sun zauna a garuruwan kudancin birnin Seattle, irin su Tukwila da SeaTac da Kent, inda kuɗin haya yake da ɗan sauƙi kuma ake samun aiki a filin jirgin sama da manyan ɗakunan ajiyar kaya. A gabashin jihar kuma, a kwarin Yakima, akwai dubban ma'aikatan gonakin tuffa da asalinsu daga Meziko yake. Waɗannan mutane ba su da kama ɗaya ta fuskar ilimi: akwai wanda bai taɓa zama a aji ba, akwai wanda ya zo da digiri. Abin da ya haɗa su shi ne kowa yana bukatar aikin da zai riƙe gida, kuma Turancinsa bai kai ya buɗe masa ƙofar irin wannan aiki ba.

Tsohon tsarin a jere yake, kuma a takarda yana da ma'ana. Mutum zai shiga ajin Turanci, ya hau matakai shida ɗaya bayan ɗaya, idan ba shi da takardar gama sakandare ya zauna jarrabawar da take madadinta, ya ci jarrabawar tantancewa ta kwaleji, sai a ba shi damar shiga ajin sana'a. Masana sun ƙiyasta cewa hawa mataki ɗaya yana cin kimanin awa 110 na zaman aji. Ga matar da take gyaran ɗakuna a otal da rana, ko magidancin da yake lodin kaya da dare, wanda abin da zai iya warewa bai wuce 'yan awoyi a mako ba, wannan lissafi yana nufin shekaru kafin ya taɓa kayan aikin sana'ar da yake so. Ga 'yan gudun hijira ma matsin ya fi yawa, domin tallafin kuɗin da gwamnatin tarayya take ba waɗanda ba su da ƙananan yara ya yi shekaru masu yawa yana tsayawa a wata takwas. Kafin wa'adin ya cika dole mutum ya karɓi duk aikin da ya samu, daga nan kuma lokacin aiki ne yake yanke hukuncin ko zai ci gaba da zuwa aji.

Hukumar kwalejojin ba ta tsaya ga zato ba. A 2005 wani jami'in bincikenta, David Prince, da Davis Jenkins na cibiyar nazarin irin waɗannan kwalejoji da ke Jami'ar Columbia, suka fitar da rahoto a kan kimanin mutum 35,000 masu shekara 25 zuwa sama, waɗanda iliminsu bai wuce sakandare ba, da suka shiga kwalejojin jihar a ƙarshen shekarun 1990. An bi sawunsu tsawon shekara biyar. Daga cikin waɗanda suka fara da ajin Turanci, kashi 13 cikin ɗari ne kawai suka kai ga samun ko da ɗan makin kwas na matakin kwaleji, wato makin da ɗalibi yake tarawa duk lokacin da ya kammala wani kwas har su kai shi ga takardar shaida. Sai dai rahoton ya gano wani abu da ya fi wannan amfani: waɗanda suka tara makin karatun shekara ɗaya, wato maki 45 a tsarin jihar, kuma suka fita da takardar shaida, abin da suke samu ya ɗara na takwarorinsu sosai, har ga masu koyon Turanci bambancin ya kai kimanin dala 7,000 a shekara. Gajerun kwasa-kwasan da ba su kai wannan ba suna taimaka wa mutum ya sami aiki, amma ba su cika ɗaga albashinsa ba. Ashe akwai wata iyaka da ake bukatar mutum ya ƙetare, kuma tsarin da ake da shi yana gajiyar da kusan kowa tun kafin ya hango ta.

A shekarar karatu ta 2004 zuwa 2005 aka gwada sabuwar hanya a kwalejoji goma, da masu koyon Turanci a matsayin waɗanda aka fara nufa. Zuciyar shirin ita ce a sa malamai biyu a aji ɗaya: gwanin sana'a da gwanin koyar da harshe da lissafi ga manya. Ƙa'idar da aka kafa ita ce dole su kasance tare a cikin ajin aƙalla rabin lokacin koyarwa, su tsara darasi tare, su auna ɗalibai tare. Ɗalibi yana fara tara makin kwaleji tun ranar farko, kuma kwas ɗin da yake yi ba wani sassauƙan kwafi ba ne da aka tanada wa baƙi, shi ne dai wanda kowa yake yi, da jarrabawa iri ɗaya. Galibi ana ƙara wani darasin tallafi daban, inda malamin harshe yake komawa da ɗalibai kan abin da ya shige musu duhu.

A aikace abin yana da ban sha'awa. A ajin mataimakan nas, malamar jinya tana nuna yadda ake auna hawan jini da yadda ake juya mara lafiya a gado ba tare da an ji masa ciwo ba, abokiyar aikinta kuma tana lura da fuskokin ɗalibai, idan ta ga an ɓata sai ta tsayar da darasi ta yi tambayar da ɗalibin yake jin nauyin yi. Daga baya ita ce za ta zauna da su a kan yadda ake rubuta abin da aka gani a takardar mara lafiya cikin gajerun jimloli, yadda ake miƙa rahoto ga nas idan an zo canjin aiki, da yadda ake yi wa tsoho magana a lokacin da ake taimaka masa wanka, wanda yake da nasa ladabi a can kamar yadda yake da shi a ko'ina. A ajin walda kuwa matsalar ba ta tsaya ga harshe ba. Mutumin da ya tashi da mita da santimita yana bukatar ya saba da inci da gutsattsarinsa, rabi da kwata da ɗaya bisa goma sha shida, ya iya karanta zanen aiki da alamominsa, ya fahimci gargaɗin haɗari da ke jikin tukunyar gas. Duk wanda ya ga yadda yaron gareji yake haddace sunayen sassan mota domin hannunsa yana kansu kullum, ba zai yi mamakin cewa kalmomin da aka koya a gaban injin walda sun fi zama a ƙwaƙwalwa fiye da waɗanda aka jera a allo ba.

Wannan tsari yana da tsada, kuma abin yabo ne cewa hukumar ta amince da hakan tun farko maimakon ta ce wa kwalejoji su yi dabara. Ta yanke cewa kowane ɗalibin I-BEST za a lissafa shi a kasafi da ninki 1.75 na abin da ake lissafa ɗalibi na yau da kullum, domin a biya malami na biyu da lokacin tsara darasi da masu ba da shawara. Ta kuma sa sharaɗi cewa kafin a amince da kowane kwas, sai kwalejin ta nuna cewa akwai bukatar ma'aikata a wannan fanni a yankinta, kuma takardar da za a samu mataki ce da za a iya ɗora wani karatu a kanta. A 2006 aka buɗe shirin ga sauran kwalejoji, kafin a daɗe ya kai ga duka 34. A daidai wannan lokaci majalisar dokokin jihar ta kafa wani tallafin karatu ga masu ƙaramin ƙarfi da yake biyan kuɗin makaranta har zuwa maki 45, wato daidai iyakar nan da bincike ya nuna, tare da kuɗin littattafai da kayan aiki. Wannan ya zama dole, domin ajin Turanci dala 25 kawai ake biya a zango, amma da zarar mutum ya shiga kwas mai maki sai cikakken kuɗin kwaleji ya hau kansa.

Ba kowane haɗin malamai ne ya yi armashi ba. Masu binciken da suka zagaya kwalejojin sun tarar da cewa a wasu wurare malaman biyu sun zama abokan aiki na gaske, a wasu kuma malamin harshe ya koma kamar ɗan rakiya, yana zaune a bayan aji yana jiran a kira shi. Gwanin sana'a da ya shafe shekaru yana koyarwa shi kaɗai ba lallai ne ya ji daɗin a katse shi ba, malamin harshe kuma sai ya koyi wani abu na sana'ar kafin ya zama mai amfani. Da yawa daga malaman manya a Amurka ba ma'aikatan dindindin ba ne, ana biyansu ne bisa awoyin da suka shiga aji, saboda haka idan ba a ware kuɗin zaman tsara darasi ba, wannan zama ba zai yiwu ba.

Sakamakon farko ya burge mutane ƙwarai. Rahoton hukumar a kan gwajin ya ce ɗaliban shirin sun tara makin kwaleji ninki biyar na takwarorinsu da ke ajin Turanci na gargajiya, kuma yiwuwar su kammala horon sana'a ta ninka sau goma sha biyar. Dole a karanta waɗannan alƙaluma da hankali, domin wanda ya zaɓi shiga irin wannan shiri mai wahala wataƙila tun asali ya fi sauran himma ko sararin lokaci, kuma yawancin waɗanda aka kwatanta su da su ba su ma da izinin shiga kwas mai maki. Binciken cibiyar Jami'ar Columbia na 2009 da na 2010 ya yi ƙoƙarin kwatanta ɗalibai masu kama da juna, kuma ya tabbatar da cewa shirin yana ƙara yiwuwar samun maki da takardar shaida da ci gaba a jarrabawar harshe da lissafi. Amma binciken na 2010 bai ga wani bambanci a albashi ko yawan awoyin aiki ba. A lokacin an danganta wannan da durƙushewar tattalin arzikin da ta fara a 2008, wadda ta sa ɗaliban suka fito kasuwar da babu aiki a cikinta.

Gwaji mafi ƙarfi ya zo daga baya. Tsakanin 2011 da 2014, a ƙarƙashin wani babban bincike da ma'aikatar lafiya da walwalar jama'a ta tarayya ta ɗauki nauyi, kamfanin bincike na Abt Associates ya raba mutum 632 gida biyu ta hanyar ƙuri'a a kwalejojin Bellingham da Everett da Whatcom: kashi ɗaya aka ba su gurbi a I-BEST, ɗaya kashin aka bar su da hanyoyin da aka saba. Fannonin sun haɗa da kanikancin mota, aikin lantarki, taimakon nas, aikin ofis, sarrafa injinan yanka ƙarfe da walda. Waɗanda suka shiga shirin sun yi wa sauran fintinkau wajen tara maki da samun takardun shaida. Da aka dawo bayan shekara uku aka duba abin da suke samu, ba a ga bambancin da za a iya dogara da shi ba, kuma bibiyar da aka sake yi daga baya ba ta sauya wannan hoto ba.

A ganina wannan shi ne wurin da ya fi cancantar a tsaya a yi tunani, domin akwai masu ɗaukar sakamakon a matsayin hujjar cewa shirin ɓarnar kuɗi ne, akwai kuma masu kau da kai daga gare shi saboda ƙaunar da suke yi wa shirin, kuma duka biyun ba su yi adalci ba. Binciken 2005 bai ce kowace takarda tana ɗaga albashi ba. Ya ce karatun shekara guda tare da takarda. Da yawa daga kwasa-kwasan I-BEST zango ɗaya ne ko biyu, kuma takardun da aka fi samu gajeru ne. Taimakon nas misali ne bayyananne: dokar tarayya awa 75 kawai ta gindaya a matsayin mafi ƙarancin horo, aikin yana samuwa cikin sauƙi, amma albashinsa bai yi nisa da na mai aiki a ɗakin ajiyar kaya ba. Kuɗin yana mataki na gaba, wato zama cikakkiyar nas, kuma tsakanin matakan biyu akwai darussan ilmin jikin ɗan Adam da na sinadarai da rubutun Turanci na matakin kwaleji da gasar neman gurbi, inda malami na biyu ba ya nan kuma. Shirin ya warware matsalar shiga, kuma ya warware ta da gaske. Matsalar ci gaba bayan takardar farko tana nan, kuma ga mai koyon harshe ta fi nauyi, domin Turancin da ya ishe shi aikin yau bai ishe shi littafin gobe ba. Wajibi ne kuma a tuna cewa bayan shirin ya faɗaɗa, yawancin ɗalibansa sun zama 'yan ƙasa masu raunin karatu da lissafi, don haka waɗannan alƙaluma ba hoton baƙi kaɗai ba ne.

Wannan sauyi da kansa yana nuna wani giɓi. Kwalejoji suna sa mafi ƙarancin makin jarrabawa kafin a karɓi mutum, kuma a aikace masu matakan sama na Turanci ne suke tsallakewa. Wanda yake mataki na ɗaya zuwa na uku, wanda shi ne ya fi kowa bukata, yana nan a bakin ƙofa. Hukumar ta amsa da kwasa-kwasan share fage, sannan a 2013, da tallafin gidauniyar Bill da Melinda Gates, ta fara wani shiri mai suna I-DEA domin masu ƙaramin Turanci. A nan ana ba ɗalibi aron kwamfuta, ya yi wani ɓangaren darasi ta intanet kafin ya zo aji, a yi amfani da lokacin haɗuwa wajen magana da aiki tare a kan batutuwa irin su neman aiki da sha'anin kuɗi da kiwon lafiya. Dokokin tallafi ma sun taɓa jefa shirin cikin matsala. A 2012 majalisar tarayya ta soke damar da take ba wanda ba shi da takardar sakandare ya sami tallafin karatu na tarayya, abin da ya shafi baƙi da yawa da takardunsu suka salwanta ko ba a san da su ba, sai a ƙarshen 2014 aka maido da damar ga masu bin irin waɗannan shirye-shirye.

Akwai kuma wani rukuni da I-BEST ba domin su aka gina shi ba: likitoci da nas-nas da injiniyoyi da malaman da suka yi karatunsu a wata ƙasa. Cibiyar nazarin manufofin ƙaura da ke birnin Washington, babban birnin Amurka, ta ƙiyasta a 2016 cewa kusan baƙi miliyan biyu masu digiri a Amurka ko dai ba su da aiki ko suna aikin da bai kai iliminsu ba. Tura ungozomar da ta shekara goma tana karɓar haihuwa zuwa ajin taimakon nas yana iya zama mafita ta wucin gadi, amma abin da take bukata shi ne a tantance takardunta, a shirya ta ga jarrabawar lasisi, a koya mata Turancin asibiti. Kwalejin Highline da ke kudancin Seattle tana da cibiya ta musamman da take wannan aiki, reshe ce ta wani yunƙuri da aka fara a San Francisco a 2001, kuma aikinta ya fi karkata ga jagorantar mutum ɗaya bayan ɗaya cikin dokokin hukumomin ba da lasisi.

Abin da ya faru a jihar Massachusetts yana ƙara haske a kan inda I-BEST ya gaza. A Boston ƙungiyar JVS tana gudanar da wani shiri da yake haɗa ajin Turanci na aiki da mai jagora wanda yake taimaka wa ɗalibi ya shirya takardar neman aiki, ya gwada amsa tambayoyin ganawa, sannan ya haɗa shi kai tsaye da masu ɗaukar ma'aikata. Gwajin ƙuri'a ya nuna cewa a shekara ta biyu waɗanda suka shiga sun fi sauran samun kuɗi da kimanin dala 2,600. A garin Framingham ma, inda masu neman ajin Turanci suka yi yawa har sai da ƙuri'a ake ba da gurbi, masu bincike sun gano ƙarin kimanin dala 2,400 a shekara ga waɗanda suka samu shiga. Waɗannan shirye-shirye ba su ba da makin kwaleji, kuma mutanen da suke yi wa hidima ba daidai suke da na Washington ba, don haka ba za a ce ɗaya ya fi ɗaya kai tsaye ba. Sai dai suna nuna cewa wanda zai ɗaga waya ya kira mai kamfani a madadin ɗalibi yana da tasirin da takarda ita kaɗai ba ta da shi, kuma kwaleji, wadda aka gina ta domin koyarwa da ba da shaida, ba kullum take da irin wannan mutum ba.

Duk da haka tunanin da aka fara a Washington ya bazu. Daga 2011 jihohi irin su Illinois da Kansas da Kentucky da Louisiana suka gwada nasu salon. A watan Yulin 2014 Shugaba Barack Obama ya sa hannu a kan sabuwar dokar horar da ma'aikata ta tarayya, wadda ta amince a fili da koyar da ilimin manya da horon sana'a a lokaci guda kuma a cikin mahalli ɗaya, ta kuma ware wani kaso na kuɗi domin masu koyon Turanci, har da masu digiri daga ƙasashensu, bisa sharaɗin a haɗa shi da irin wannan horo. Dokar ba ta wajabta sa malamai biyu a aji ɗaya ba, ba ta kuma zo da lissafin ninki 1.75 ba. Saboda haka a wurare da dama abin da ake kira haɗaɗɗen horo shi ne ajin Turanci da safe da ajin sana'a da yamma, a ƙarƙashin malaman da aka ce su riƙa tuntuɓar juna, kuma sakamakon da aka samu a kwalejojin Washington ba hujja ba ne a kan abin da irin wannan tsari zai iya yi.